In kana biyan bashi kaɗan-kaɗan kuma takardar gidanka tana hannun banki

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wannan magana ta daɗe tana cina, don kusan duk sati sai wani ya ja ni gefe a kasuwa ko bayan sallar magariba ya ce Malam yaya ka yi da naka bashin, ni dai barci ya gagare ni. To ga yadda na yi, da abin da na koya wurin waɗanda suka san doka.

Ni ɗan kasuwa ne nan Maraɗi, kaya nike ɗaukowa daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kaya suka tsaya, kasuwa ta mutu, waɗanda nike bi bashi su ma ba su da abin biya, har zuwa Maris 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren ni na riga na durƙushe. Lokacin banki yana bina sefa miliyan 2 da rabi kuma takardar gidana da ke unguwar Zariya nan Maraɗi ita na ba su jingina, wani Alhaji da ke ba ni kaya yana bina jikka 900 (jikka ɗaya sefa dubu ce), wata ƙaramar asusun bada rance jikka 350, kawuna jikka 200. Wata uku na yi ina kashe waya, in na ga baƙuwar lamba gabana ya faɗi, in an yi sallama ƙofar gida in ce ma yaro ya ce ba ni nan. Wallahi waɗannan wata ukun sun fi komi yi mini ɓarna, don tara ta hau bisa tara, kuma mutanen da a da suke ganin mutuncina suka fara ɗaukata mai gudun bashi. Shi ya sa abin da nike fara gaya ma kowa shi ne ka kunna wayarka, kai ka riga su kira.

Amma kafin ka kira kowa, sayi kaye da bik ka zauna da dare in yara sun kwanta. Kowane mai binka ka ba shi shafinshi: nawa ne uwar kuɗin, nawa ne ruwa, nawa ne tara, me ka ba shi jingina, wa ya tsaya maka. Sannan ka rubuta abin da ke shigo maka a wata, na gaskiya fa, ba na watan da kasuwa ta yi kyau ba, ka cire hatsi da cefane da kuɗin wuta da ruwa da na lakkol ɗin yara da ɗan abin magani, abin da ya rage shi ne naka na biya, ba ƙari. Ni da na yi lissafi jikka 250 ke shigowa, gida yana cin 140, saura 110. Banki kuma jikka 140 yake jira duk wata shi kaɗai, ka ga ai ba yadda za a yi.

Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su ba wanda ya fi ɗaga murya. Wanda ke zuwa shago yana faɗa gaban jama'a shi ake turo ma kuɗi don a rabu da kunya, shi ko wanda ya riƙe takardar gida yana can shiru cikin biro yana lissafi, sai ranar da takarda ta iso. Ni a ganina wanda gidanka ke hannunshi shi ne na farko, kullum, ko da sauran za su yi fushi. Na tafi banki da kayena a hannu na nemi wanda ke kula da dosiyena, na ce mishi ban zo roƙon a yafe ba, na zo a sake tsara mini biya, ga abin da nike samu ga abin da zan iya. Sai da na yi zuwa huɗu, na rubuta takardar buƙata, kafin suka yarda aka maida biyan jikka 75 a wata aka ja wa'adin ya kai kusan wata 40. Ka sani in an ja wa'adi jimlar ruwan da za ka biya tana ƙaruwa, wannan ba makawa, don haka ka ce a ba ka sabon jadawalin biya a rubuce da sa hannu da hatimi, wanda ke nuna kowane wata nawa ke tafiya uwar kuɗi nawa ke tafiya ruwa, kuma ka roƙi a sauke maka tarar jinkiri ko a rage ta, sau da yawa nan ne suke da ikon sassautawa. Kada ka yarda da "ba komi Alhaji, ci gaba da kawo abin da ka samu" na baki, gobe in an canza ma'aikacin wanda ya zo bai san da wannan maganar ba.

Ka kuma duba yawan ruwan da aka ɗora maka. A ƙasashenmu na UEMOA, wato na Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, akwai iyakar da doka ta tsaida, a 2014 an sa kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun bada rance, kuma lissafin ya haɗa da sauran kuɗaɗen da ake caja kamar na dosiye. Ka tambayi adadin da ke aiki yanzu, BCEAO, babban bankin ƙasashen, tana da reshe nan Maraɗi. Masu ba da jikka 100 su karɓi 120 ƙarshen wata kuwa, don Allah ko kusa, cin wannan bashin don a toshe na banki shi ne hanyar da na ga ta fi saurin raba mutum da gidanshi.

Sauran jikka 35 da suka rage bayan 75 na banki na raba, Alhaji 20, asusu 15, kawu na je har gida na durƙusa na ce Kawu ka yi mini haƙuri sai na sauke waɗannan, ya ce je ka, Allah ya rufa asiri. Wurin Alhaji ban tafi ni kaɗai ba, na ɗauki limamin unguwarmu da wani dattijo da suke mutunci da shi, muka zauna zaurenshi bayan la'asar. Na ce Alhaji kuɗinka suna wuyana ban musu ba, jikka 20 zan riƙa kawowa ranar 5 ga kowane wata, in kaka ta yi na saida waken gonata in ƙara. Ya yi shiru ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce abin da ya ɓata mishi rai ba kuɗin ba ne, kashe wayar da na yi ne. Liman ya tuna muna aya ta 280 cikin Baƙara da ta ce a jinkirta ma wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ya kuma ce aya ta 282 ta yi umarni a rubuta bashi, nan take aka rubuta, shaidu biyu suka sa hannu, kowa ya riƙe kofin takardar ɗaya.

Kada ka yi alkawarin abin da ba ka iyawa don zama ya yi daɗi. Gara ka ce 20 ka cika wata goma a jere da ka ce 50 ka karya wata na biyu. Kuma duk dalar da ka biya ka karɓi shaida, in ta Nita ko Amana ka aika ka ajiye takardar ka ɗauki hotonta da waya don rubutunta yana gogewa, in hannu da hannu ne a sa hannu cikin kayenka. In ka ga wata zai zo maka da gardama, rashin lafiya ko haihuwa ko rasuwa, ka kira kafin ranar biya, ka kai ko rabi ne, kada ka bari su su neme ka.

Yanzu maganar gida, wadda ita ce ke hana barci. Nijar tana cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya na waɗannan ƙasashen Afirka, kuma dokar karɓar bashi ta tilas, wadda aka fara a 1998 aka sabunta a 2023, ta shimfiɗa hanya ne mataki mataki. Ba wanda zai tashi da safe ya zo da ƙarti ya fidda kayanka waje don ka yi jinkirin wata biyu. Sai mai bin bashi yana da takardar da doka ta yarda a zartar da ita, kamar hukuncin kotu ko yarjejeniyar da aka yi gaban notar, mai tabbatar da takardu a hukumance, sannan wusiye, ma'aikacin shari'a mai kai takardu da zartar da hukunci, ya kawo maka takardar umarnin biya, ita kuma tana ba ka kwana 20 kafin a kai ta ofishin rajistar filaye a ɗaure gidan, bayan nan ma akwai zaman kotu inda za ka iya kawo ƙorafinka kafin a kai ga gwanjo. In gidan nan ne kake zaune da iyalinka, dokar jingina ba ta ba mai bin bashi damar ya ce kotu ta mallaka mishi shi kai tsaye a bakin kuɗinshi ba, sai dai a bi hanyar sayarwa. Wanda kuma ba shi da jingina bisa gidan, sai ya fara bi ta kayan da ake ɗauka kafin ya taɓa gini ko fili. Wusiye ma ba ya fara aikin kama kaya kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 6 na yamma, ko ranar Lahadi da ranakun hutu, sai da izinin alƙali na musamman.

Ban faɗi wannan don ka miƙe ƙafa ba. Na faɗa ne don in takarda ta iso kada ka ruɗe, kuma kada ka ƙi karɓa, ƙin karɓa ba ya tsaida kwanakin, suna tafiya ko ka karanta ko ba ka karanta ba. Karɓi, rubuta ranar da ta zo a bayanta, a ranar ka kai ma lauya ko wani da ya san aikin kotu ya karanta maka, ba ɗan makwabci da ya ɗan iya faransanci ba. Akwai wadda ake ce ma umarnin biya daga alƙali, ita kwanakin da ake ba ka ka yi jayayya kaɗan ne ƙwarai kuma an rubuta su cikin takardar, in suka wuce ta zama hukunci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma ni ma sai da lauya ya gaya mini, shi ne sashe na 39 na wannan doka ya ba alƙali ikon ya ɗaga maka biya ko ya rarraba maka shi har tsawon shekara ɗaya in ya duba halin da kake ciki da buƙatar mai binka, banda kuɗin ciyar da iyali da bashin cek da makamantanshi. To a nan kayenka da takardun biyanka za su yi maka magana, don mutumin da ya zo da shaidar wata takwas yana biya ba a kallonshi kamar wanda ya ɓace. Haka in gidan yana kawo haya, in hayar shekara biyu za ta rufe bashin duka, kana iya neman a dakatar da sayarwa a riƙa ba mai bin bashi hayar. Ma'aikaci kuma ba a kama albashinshi duka, wani yanki ne kawai, kuma sai an fara zaman sulhu gaban alƙali.

Saboda abin da na faɗa na cek, kada ka ba kowa cek ɗin da ka san babu kuɗi bayanshi wai ya riƙe har ka samu.

Wanda ya tsaya maka ka gaya mishi da wuri, don a dokar OHADA ana iya binshi kuɗin kamar yadda ake binka, bai kamata ya fara ji daga bakin wusiye ba. Uwargida ma ka gaya mata. Ni na ɓoye ma tawa har wata biyar ina ganin ina kare ta, ashe tana lura da yadda nike juyi bisa tabarma har asuba, ranar da na buɗe mata kayen ta karanta shafi shafi ba ta ce komi ba, washegari ta rage cefane da kanta, ta ce kwasar adashenta ta watan gobe a kai ma asusu a rufe nasu gaba ɗaya. Matan garin nan sun san tattali fiye da yadda muke zato, ai nan yankin Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991 kafin abin ya bazu ƙasashe da yawa. Amma kada ka taɓa zinarinta ko tumakinta ba da yardarta ba, nata ne.

In lissafi ya nuna ko an ja wa'adi ba za ka iya ba, to ka yi tunanin saida wani abu da hannunka tun da sauran lokaci, fili ko mashin ko ma gidan da kanshi da sanin banki, a biya su ka riƙe ragowar ka kama ƙarami, don abin da mutum ya saida a natse ta hannun dillali ya fi abin da za a buga a gwanjo daraja, ga kuɗin wusiye da na shari'a da duk kanka za su hau. Magana ce mai ɗaci na sani, ni ma na kai ga auna ta, Allah ya sa filin da na gada wajen Tibiri ya ishe ni rage nauyin.

Har yanzu ina cikin biya, na asusu ya ƙare, na Alhaji ya yi ƙasa sosai. Na riga na tambayi abin da ake yi ranar da na banki ya cika: za a ba ni takardar shaidar cewa na gama, da takardar sakin jingina wadda su a biro suke ce ma menlebe, in kai ta ofishin rajistar filaye a goge sunan banki daga bisa takardar gidan, don in ba a goge ba ko ka biya dala ta ƙarshe gidan yana nan a rubuce a matsayin jingina, ba ka iya saida shi ko ka bar ma 'ya'yanka shi da tsabta. Na rubuta wannan a shafin ƙarshe na kayen, da sunan ofishin da takardun da za a nema.