Yadda Ake Gano Matsalar Modam Ɗin Intanet Mai Yawan Katsewa da Sake Kunna Kansa

Modam ɗin gida da ke katsewa ba zato, ko ya mutu ya tashi da kansa, yana sa mutane da yawa su yi ta kiran kamfanin sadarwa, wasu ma su je su sayo sabon modam, alhali sau da dama laifin yana wurin wani abu da bai kai rabin kuɗin modam ɗin ba. Kafin a kashe ko sisi, ya kamata a fara rarrabe matsaloli biyu da ake yawan haɗawa wuri ɗaya, domin maganin kowacce daban ne. Akwai modam ɗin da ke mutuwa gaba ɗaya ya sake tashi, akwai kuma wanda yana nan a kunne amma intanet ɗin ne kaɗai ke ɗaukewa.

Ana gane bambancin da ido. Idan abin ya faru, a je gaban modam ɗin a dubi fitilunsa. In duk sun mutu, sannan suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya cikin minti ɗaya zuwa biyu, sunan Wi-Fi ɗin gidan kuma ya ɓace daga waya na ɗan lokaci, to na'urar ce ta sake kunnuwa. In kuwa fitilar wuta da ta Wi-Fi suna nan daram, sai dai fitilar intanet ko ta sabis ta koma ja ko ta mutu, to na'urar lafiyarta ƙalau ta fuskar wuta, hanyar da ke kawo mata intanet ce ta yanke. Wanda ba ya kusa lokacin da abin ke faruwa zai iya buɗe shafin saitin modam ɗin a burauza. A yawancin na'urorin Huawei adireshin shi ne 192.168.8.1, a na ZTE da wasu da dama kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma galibi an rubuta shi a takardar da ke manne a ƙarƙashin na'urar. Na'urori da yawa suna nuna tsawon lokacin da suka ɗauka a kunne. Idan tun safe aka kunna modam amma shafin yana cewa mintuna goma kacal ya yi yana aiki, babu sauran shakka cewa ya mutu ya tashi.

A ganina, duk modam ɗin da ke sake kunna kansa, adaftarsa ce abin zargi na farko, wato wannan ƙaramar cajar da ake soka wa a soket. Aikinta shi ne ta karɓi wutar gida mai ƙarfin bolt 230 ta mayar da ita ƙaramar wuta, yawanci bolt 12, kodayake akwai masu bolt 9 da masu bolt 5. A cikinta akwai ƙananan kafasito, wato 'yan na'urorin da ke adana wuta na ɗan lokaci, masu ruwa-ruwa a ciki, waɗanda zafi da tsufa ke busar da su sannu a hankali. Idan sun raunana, adaftar takan iya riƙe modam ɗin muddin ba ya aiki mai nauyi, amma da zarar an fara sauke babban fayil, ko mutum uku sun kunna bidiyo lokaci guda, sai buƙatar wutar ta ƙaru, ƙarfin ya faɗi ƙasa na ƙiftawar ido, na'urar ta mutu ta tashi. Wannan ne ya sa matsalar take kama da ta sabis, tunda tana zuwa ne daidai lokacin da ake tsananin amfani da intanet. Ko mai gyara ya ɗora mitarsa a bakin adaftar ya ga bolt 12 cif, hakan bai wanke ta ba, saboda ya auna ta ne ba tare da nauyi a kanta ba.

Gwajin da ya fi inganci shi ne a aro wata adaftar mai kyau a yi amfani da ita kwana biyu. A nan akwai ƙa'idar da bai kamata a yi wasa da ita ba. Lambar bolt dole ta zama daidai da wadda aka rubuta a jikin modam ɗin, ba ƙari ba ragi. Lambar amfiya kuwa, wato wadda ake rubutawa da harafin A, tana iya zama daidai ko ta fi, amma kada ta gaza. Modam mai buƙatar 12V 1A zai yi aiki lafiya da adafta mai 12V 2A, domin abin da yake bukata kaɗai zai ja, amma mai buƙatar 2A idan aka ba shi 1A zai riƙa mutuwa ko da adaftar sabuwa ce fil. A kuma duba ɗan zanen da ke nuna ɓangaren da alamar ƙari (+) take, wanda a mafi yawan na'urori yana tsakiyar bakin, a ga na adaftar ya dace da na modam ɗin, sannan a tabbatar bakin ya shiga ya zauna ba ya rawa. Ina jan hankali sosai a kan cajar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda bakinta kan shiga ramin modam amma ƙarfinta ya kai bolt 19, kuma soka ta sau ɗaya ya isa ya ƙona na'urar. Haka nan adaftocin kasuwa marasa nauyi a hannu, waɗanda aka rubuta musu 2A amma ba sa iya bayar da shi, su ma suna jawo irin wannan matsala, don haka ya fi kyau a sayi mai ɗan tsada a wurin wanda aka amince da shi.

Bayan adafta sai soket da wayar ƙari da ake jona kaya da yawa a kai. A riƙe kan adaftar a ɗan motsa shi a hankali, a kuma motsa wayar daga inda ta shiga bayan modam ɗin. In fitilu suka yi ƙifta ko aka ji ƙarar tartsatsi, an gano wurin. Ramukan soket masu arha suna saki bayan an daɗe ana cirewa ana mayarwa, musamman idan ana tura kai mai ƙafa biyu cikin rami mai ƙafa uku. A mayar da modam ɗin soket ɗin bango shi kaɗai, nesa da layin da firiji, famfon tura ruwa ko na'urar sanyaya ɗaki suke, domin waɗannan suna fizgar wuta mai yawa a daidai lokacin tashinsu.

Sai kuma yanayin wutar gidan kanta, wanda a ƙasashenmu ba ƙaramin al'amari ba ne. Yawancin adaftocin zamani an rubuta musu 100 zuwa 240V, ma'ana suna jure wuta mara ƙarfi fiye da yadda ake zato, amma ba sa jure yankewa. Duk lokacin da aka sauya daga wutar NEPA zuwa janareta, modam zai mutu, wannan kuwa ba lalacewa ba ce. Abin da ke rikita mutane shi ne gidajen da ke da inbata da sola, inda fitilu ba sa nuna an ɗauke wuta amma modam yana sake tashi. Dalili shi ne inbata tana ɗaukar wani ɗan ƙanƙanin lokaci kafin ta karɓi nauyin gidan, adaftar da ta tsufa kuma ba ta iya cike wannan giɓi. Inbatoci da dama suna da saitin UPS da ke gajarta lokacin sauyawar, kuma kunna shi kan wadatar. Mafita mafi dacewa ga kowane gida ita ce ƙaramar UPS ta modam, wato akwatin batir da ake sa wa tsakanin adafta da na'urar, mai fitar da bolt 12 ko 9 kai tsaye. Tana riƙe intanet na wasu sa'o'i idan babu wuta, tana kuma shanye duk wani ɗan yankewa.

Idan wuta ta fita daga zargi, sai a juya ga zafi. Masu ƙera irin waɗannan na'urori galibi suna rubuta cewa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos, alhali a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, zafin watan Afrilu a waje ma yana wuce 40, balle ɗaki mai rufin kwano da aka kulle da rana. Na'urar da ta yi zafi fiye da kima takan rage gudu, ta daskare, ko ta kashe kanta ta tashi. Alamar wannan ita ce matsalar tana tsananta daga azahar zuwa la'asar, ta lafa da dare, ta kuma kusan ɓacewa a lokacin sanyi. A taɓa jikin modam ɗin, in hannu bai iya daɗewa a kai ba, ya yi zafi da yawa. A sauke shi daga kan dikoda, talabijin ko firiji, a fitar da shi daga cikin kabad, a kau da shi daga tagar da rana ke bugawa. Al'adar lulluɓe kayan wuta da kyalle saboda ƙurar hunturu tana da dalilinta, amma ba ta dace da na'urar da ke kunne dare da rana ba, domin kyallen yana toshe ramukan da zafi ke fita. A share ramukan da busasshen burushi, a ɗaga na'urar yadda iska za ta ratsa ƙarƙashinta, sannan a juya mata fanka na yini guda. Idan ta daina mutuwa, an san inda matsalar take.

Masu amfani da ƙaramin modam na aljihu mai batir suna da ƙarin abin dubawa. Barin sa a caji kullum cikin zafi yana kumbura batirin, har murfin baya ya ɗago. Batirin da ya kumbura a cire shi nan take, kada a huda shi ko a danne shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Yanzu ga ɗaya matsalar, inda na'urar tana kunne amma intanet na ɗaukewa. A fara jona kwamfuta da modam ɗin ta wayar kebul, ta ramin da aka rubuta wa LAN. In ta waya komai na tafiya daidai amma wayoyin hannu na katsewa, Wi-Fi ne ke da matsala, kuma yawanci katangar bulo ce ta yi yawa tsakani, ko kuma Wi-Fi ɗin maƙwabta ya cika tashar. A shafin saiti, a zangon Wi-Fi na 2.4GHz, a zaɓi tasha ta 1, ta 6 ko ta 11, waɗanda ba sa hawa kan juna, na'urorin da ke kusa kuma a mayar da su zangon 5GHz idan modam ɗin yana da shi.

In har ta waya ma yana katsewa, sai a duba irin hanyar da intanet ke shigowa. Ga modam mai layin waya, kamar na MTN, Airtel, Glo ko Spectranet, sandunan sabis da ke jikinsa ba su isa hujja ba. A shafin saiti akwai lambar RSRP mai nuna ƙarfin sabis da SINR mai nuna tsabtarsa. RSRP da ke kusa da -80 ko -90 yana da kyau, wanda ya gangara -110 ko ƙasa da haka kuwa ya yi rauni, kuma katsewa ba abin mamaki ba ne. A riƙa zagayawa da na'urar ɗaki-ɗaki ana kallon lambar, a fifita wuri mai tsayi kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis. Wani abin da ke taimakawa ƙwarai shi ne a cire saitin zaɓen sabis daga na atomatik a ɗaure shi a kan 4G kaɗai, domin na'urar da ke tsalle tsakanin 3G da 4G, ko tsakanin 4G da 5G a bakin iyakar inda 5G ya kai, tana yanke haɗi a duk tsallen da ta yi. A kuma kashe ta a ciro layin a goge ƙarfensa da busasshen kyalle, a mayar da shi ya zauna da kyau. Idan katsewar ba ta zuwa sai da dare bayan isha'i, cunkoson masu amfani ne a kan ƙarfen unguwar, kuma sa layin wani kamfani na kwana biyu zai tabbatar da haka.

Ga masu intanet na wayar faiba, fitilar da aka rubuta wa LOS ita ce abin kallo. Idan ta yi ja, hasken da ke zuwa ta wayar ya yanke ko ya yi rauni. A bi siririyar wayar a ga ko ta lanƙwashe sosai a bayan kujera, ko ƙofa ta datse ta, ko ɓera ya ci ta. Kada a leƙa bakin wayar da ido, domin hasken da ke cikinta ba a ganinsa amma yana iya cutar da ido, kuma haɗa wadda ta tsinke aikin ma'aikatan kamfanin ne masu na'urar yin haka. Wani lokaci ma matsalar ta fi ƙarfin unguwa, kamar yadda aka gani ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya tabarbare a Najeriya, Gana da maƙwabtansu. Tambayar maƙwabci mai amfani da kamfani ɗaya tana rage wahalar bincike sosai.

Sabunta manhajar cikin modam da mayar da shi saitinsa na asali su ne matakin ƙarshe a gida, ba na farko ba. A yi sabuntawar daga shafin saiti, a lokacin da aka tabbata wuta ba za ta yanke ba, saboda yankewarta a tsakiyar aikin na iya kashe na'urar gaba ɗaya. Kafin a danna ɗan ramin Reset na kimanin daƙiƙa goma, a rubuta sunan APN, wato saitin da layin waya ke shiga intanet da shi, da sunan shiga da kalmar sirrin da kamfanin faiba ya bayar idan akwai, domin duk za su goge.

Idan an bi waɗannan duka abin bai daina ba, a rubuta ranaku da lokutan katsewar na kwana uku ko huɗu, da launin fitilu, da lambobin sabis, sannan a kira kamfanin. A Najeriya lambar 300 tana kai mutum ga sashen kula da abokan hulɗa na manyan kamfanonin waya, kuma a nemi lambar ƙorafi a adana ta. In kamfanin bai warware ba, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana karɓar ƙorafi kyauta a lambar 622, kuma za ta nemi waccan lambar ƙorafin. Modam ɗin da ya ci gaba da mutuwa yana tashi a kan sabuwar adafta mai kyau, a wuri mai sanyi, bayan an mayar da shi saitin asali, shi ne wanda lalacewar ke cikinsa. In yana cikin wa'adin garanti a mayar da shi tare da rasiɗinsa a nemi canji, in kuwa wa'adin ya wuce, sai a sayi wani.