Saifurus tsibiri ɗaya ne amma doka biyu: kurakuran da masu zuwa karatu, yawo da kasuwanci suka fi yi

Wani maƙwabcinmu mai shagon atamfa ya tare ni bayan sallar isha'i, riƙe da takarda cikin leda kamar takardar fili. Ya ce, "Malam, duba mini wannan. Yaron nan namu ya samu makaranta a Turai, har da rangwamen rabin kuɗi." Na haska fitilar waya. Ga sunan jami'a, ga hatimi, ga hoton teku shuɗi shar. A ƙasa, wurin adireshi, an rubuta Mersin 10, Turkiyya, lambar wayar kuma ta fara da +90. Na ce, "Alhaji, wane ɓangaren Saifurus ne wannan?" Ya dube ni ya ce, "Au, biyu ce?"

Kusan duk kuskuren da mutanenmu ke yi game da tsibirin nan daga rashin wannan tambayar yake tasowa.

Saifurus, wanda malamai suka sani a littattafan tarihi da sunan Kubrus, tsibiri ne a gabashin tekun Bahar Rum. Faɗinsa murabba'in kilomita 9,251 ne, bai kai rabin jihar Kano ba. Ya samu 'yancin kai daga Ingila a 1960. A watan Yulin 1974 aka yi juyin mulki da goyon bayan sojojin da ke mulkin Girka, kwana 5 bayan nan Turkiyya ta sauke dakarunta a arewa, tun daga lokacin tsibirin ya dare biyu. Kudu, ɓangaren Girkawan tsibirin, ita ce Jamhuriyar Saifurus da duniya ta amince da ita. Ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta fara amfani da yuro a 2008. Arewa, ɓangaren Turkawan tsibirin, wadda ta ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar, ta ayyana kanta ƙasa a 1983, amma in ban da Turkiyya babu wanda ya amince da ita. Tsakaninsu akwai wani zirin fili da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ke gadi, ya ratsa ta tsakiyar babban birnin Nikosiya. Shi ya sa wasiƙar da za ta je arewa sai ta bi ta Mersin a Turkiyya. Lambar wayar kudu +357 ce. Kafin ka biya ko sisi, dubi waɗannan biyun a jikin takarda.

Kada a ce na ce tsibirin ba shi da abin so. Yana da shi. Ana koyarwa da Ingilishi a jami'o'i da yawa, kuɗin makaranta bai kai na Ingila ko Kanada ba, akwai kwanciyar hankali, akwai masallatai, ga bakin teku a Girne da Famagusta da ido ba ya gajiya da kallo. Matsalar ita ce mutum ya sayi abu ɗaya yana zaton wani ya saya.

Kuskure mafi tsada shi ne ɗaukar arewa a matsayin ƙofar Turai. Dillali zai ce maka, "Da zarar ka sauka, tsallakawa kawai za ka yi." Jirgin da ke sauka filin Ercan na arewa daga Turkiyya kaɗai yake zuwa, kuma gwamnatin kudu ba ta ɗauki Ercan a matsayin halastacciyar mashiga ba, Larnaka da Pafos ne filayenta. Mashigun da ke tsakanin ɓangarorin biyu an buɗe su tun 2003, gaskiya ne, har da ta titin Ledra a Nikosiya da aka buɗe a 2008, inda za ka ga 'yan tsibirin da Turawa suna wucewa da ƙafa kamar masu shiga kasuwa. Amma ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ya shigo ta Ercan da takardar zama ta arewa ba ya cikin waɗanda wannan sauƙin ya shafa. Wasu sukan bi masu fasa-ƙwaurin mutane su tsallaka da dare su nemi mafaka, sai su tsinci kansu a sansanin Pournara suna jiran hukunci. Tun 2020 gwamnatin kudu ta sa Najeriya da Gana cikin jerin ƙasashen da take gani lafiya lau ake zaune, ma'ana da wuya a karɓi roƙon mafakar ɗan can. Ko an kai ga zama a kudun ma, tsibiri ne, babu motar da za ta kai ka Jamus, kuma Saifurus ta kwashe shekara 20 da ɗoriya cikin Tarayyar Turai ba ta shiga yankin Shengen ba, wato ƙasashen Turai da ake ratsa iyakokinsu da biza ɗaya. Gyaran a nan mai sauƙi ne, sai dai ba ya yi wa kunne daɗi: in Jamus ko Faransa kake so, nemi bizarsu kai tsaye. In karatu ne ya kai ka arewa, to ka je da niyyar karatu da dawowa.

Sai batun rangwamen nan na kashi 50. Alhaji ya ɗauka hazaƙar ɗansa ce ta jawo, ban so na karya masa gwiwa ba, amma a jami'o'i masu zaman kansu da yawa a can, irin wannan rangwame kusan duk ɗalibin waje ake ba wa. Salon ciniki ne, irin na ɗan Kwari da zai ce dubu arba'in don a daidaita a ashirin. Abin tambaya ba nawa aka rage ba, nawa ya rage. A nemi makaranta ta rubuto jimillar abin da za a biya a shekara: kuɗin karatu, rajista, inshorar lafiya, haraji, ɗakin kwana, da kuma sharaɗin da zai sa a janye rangwamen in sakamako ya faɗi. Kuma kuɗi ya tafi asusun makaranta, ba asusun dillali ba. Dillalan nan da yawansu ɗalibai ne da ke samun la'ada a kan kowane kai da suka kawo. Wanda cin abincinsa ya rataya a kan zuwanka ba shi ne zai gaya maka kada ka zo ba. A 2020 shugabar hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, ta fito fili ta gargaɗi iyaye game da tura 'ya'yansu arewacin tsibirin, bayan rasuwar wasu ɗalibai. Ko ka yarda da zafin gargaɗin ko ba ka yarda ba, akwai gaskiya ɗaya a ciki: Najeriya ba ta amince da hukumomin arewa ba, don haka ba ta da ofishin jakadanci a can. In wani abu ya taso, nesa take da kai.

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne iyaye suka fi yin lissafin dokin rano. Ɗalibi a arewa yana rayuwa cikin kuɗi kala uku ko huɗu. Kuɗin makaranta da yuro ko dala. Hayar gida galibi da fam na Ingila. Cefane da kuɗin mota da lirar Turkiyya. Uban da ke gida kuma naira yake samu. A farkon 2018 dala ɗaya ba ta kai lira 4 ba. A watan Janairun 2024 ta haura lira 30. A 2023 aka saki naira, dalar da ake samu a hukumance kusan naira 460 ta zarce 1,000 cikin 'yan watanni. Iyalai da yawa da suka yi kasafi a kan tsohon farashi sun wayi gari kuɗin zango ɗaya ya cinye na shekara. Shi kuwa yaron da aka ce "zai riƙa ɗan aiki yana taimaka wa kansa", in ya samu aikin, a gidan abinci ko otal ko wurin gini, da lira za a biya shi, mai gida kuma fam yake jira. Aikin ma ba a zube yake ba: yana buƙatar izini, yawancinsa kuma yana buƙatar jin Turkanci. Wanda bashin makaranta ya hana shi rajista, takardar zamansa ba za ta sabuntu ba. Wanda takardarsa ta mutu, tara tana hawa kansa kullum, har ya kai ba zai iya zama ba, ba zai iya fita ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Ka yi lissafin shekara 4 cif da kuɗin waje, ba da naira ko sefa ba, ka ɗora wani abu a kai saboda tashin canji, kada ka sa albashin yaro ko kobo a cikin lissafin. In bai fita ba a takarda, ba zai fita a can ba.

Ƙaramin abu game da haya: in ka ga an rubuta 2+1, ɗaki biyu da falo ake nufi. Ana karɓar kuɗin ajiya da na wasu watanni a gaba. Kada a biya daga gida a kan hoton WhatsApp, cinikin biri a sama ke nan. Zangon farko a kwana a ɗakin makaranta, a ga gari tukuna.

Akwai kuma wanda zai gama karatu lafiya sannan ya gane takardarsa ba ta ci a gida. Akwai tsofaffin jami'o'i sanannu a arewa, irin su Eastern Mediterranean a Famagusta da Near East a Nikosiya, akwai kuma ƙanana birjik, fiye da abin da yanki mai wannan ƙanƙanta zai buƙata. A 2024 badaƙalar digirin bogi ta ɓarke a can, aka kama mutane har da manyan jami'ai. Hukumar da ke tantance jami'o'in arewa ita ce YÖDAK, ta Turkiyya kuma YÖK. A bincika ko kwas ɗin da kansa, ba sunan makarantar kawai ba, yana da amincewarsu. Sannan a juyo gida. Mai son likitanci ya tambayi MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, domin wanda ya karanto a waje sai ya ci jarrabawarta kafin ya taɓa majiyyaci. Mai karatun shari'a yana da makarantar lauyoyi a gabansa. Kowa kuma sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin hidimar ƙasa. Wannan tambaya kafin tafiya ake yin ta, ba bayan shekara 6 ba.

Masu kuɗi su ma suna da nasu ramin, kuma ya fi zurfi. Tallan gidaje a Iskele da Girne ya cika intanet: bene a bakin teku, biya kaɗan-kaɗan, farashi ƙasa da na kudu. Araha ba ta ado. Da yawan filayen arewa mallakar Girkawan tsibirin ne da suka gudu kudu a 1974, kuma a idon dokar kudu da kotunan Turai har yau nasu ne. Wasu ma'aurata 'yan Ingila, iyalan Orams, sun gina gida a Lapta a kan irin wannan fili. Mai filin ya kai su kotu a kudu ya yi nasara, a 2009 kotun Tarayyar Turai ta ce ana iya zartar da hukuncin a kansu har a Ingila, ƙarshe suka bar gidan. Dokar kudu ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 7 ga mai saye ko sayar da irin wannan dukiya. Takardar mallaka a can koçan ake ce mata, kuma iri-iri ce: akwai wadda tun kafin 1974 take hannun Baturke ko baƙo, akwai wadda hukumar arewa ta bayar daga baya. Tambayar farko ke nan da za ka yi, kuma lauyan da zai amsa ta kada ya zama wanda kamfanin ginin ya haɗa ka da shi. Baƙo kuma sai majalisar ministoci ta amince kafin gida ya koma sunansa.

Wanda aka yi wa tallan fasfon Turai in ya zuba jari a kudu, ya sani an soke wannan shiri tun Nuwamban 2020, bayan binciken Aljazira ya tona yadda ake cinikinsa. Mai son buɗe kamfani don ya sayar da kaya a kasuwar Turai, kudu ce wurinsa. Rajistar arewa ba ta buɗe masa wannan kasuwa.

Ga mai zuwa ziyara kuwa, kuskuren shi ne sayen tikiti kafin zaɓen abin da za a gani. A gefen tafkin gishiri na Larnaka akwai masallacin Hala Sultan Tekke, inda ake danganta kabarin Ummu Haram bint Milhan, Allah Ya ƙara mata yarda, matar Ubada bin Samit, wadda Manzon Allah (SAW) ya yi wa albishir cewa tana cikin na farkon da za su hau teku saboda Allah. Ta zo da rundunar Mu'awiya a zamanin halifancin Sayyidina Usman, ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu. Mutum zai ɗauka wuri irin wannan a ɓangaren Turkawa yake. A kudu yake, tafiyar 'yan mintoci daga filin jirgin Larnaka. Mai niyyarsa bizar Jamhuriyar Saifurus zai nema, ya sauka Larnaka. Masallacin Lala Mustafa Pasha na Famagusta da na Selimiye a Nikosiya, waɗanda asalinsu manyan majami'u ne kafin zuwan Turkawan daular Usmaniyya, su ne a arewa. Arewar ma ɗan Najeriya sai da biza, kuma tunda ta Turkiyya za a bi, a tabbatar da sharaɗin yada zango daga ofishin jakadancin Turkiyya, ba daga bakin dillali ba.

Iyayen da suka kwantar da hankali don an ce "ƙasar Musulmi ce" su ɗan gyara zama. Ana kiran sallah, nama galibi daga yankan Musulmi ne, amma al'ummar ba ta tsananta addini yadda muka saba ba. Gidajen caca na daga cikin manyan sana'o'in arewa, giya kuma a kanti take kusa da lemo. Yaro ɗan shekara 17 da bai taɓa kwana wajen gida ba yana buƙatar wani babba da aka sani a can, ko a jira ya ƙara hankali.

Alhaji ya naɗe takardarsa ya mayar cikin leda, ya ce gobe zai sa yaron ya rubuta wa makarantar da kansa a aiko da cikakken lissafi. Da zai tafi ya juyo: "To in ta tabbata, me zan saya masa?" Na ce rigar sanyi mai kauri da bargo, don ruwansu da hunturu yake zuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi na ratsa ɗakunan da ba a gina su don shi ba, har ƙanƙara na sauka a duwatsun Troodos, bazara kuma Nikosiya kan haura digiri 40. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu, cajar wayarsa za ta shiga. Na ce kuma ya ja masa kunne wajen tsallaka titi: a can ta hagu ake tuƙi, dama zai fara dubawa.