Yadda Ake Zaɓen Tsarin Haɗin Kukis Mai Riƙe Siffa Domin Ado

Na sha ganin masu koyon gashi sun sayi abin yanka siffa, sun haɗa aisin kala-kala, wato haɗin sukarin da ake zubawa a kan kukis don ado, sun ɓata yini guda suna shiri, amma da aka buɗe oben sai a tarar tauraro ya rasa tsininsa, zuciya ta baje ta haɗe da ta kusa da ita. Mafi yawansu oben suke ɗora wa laifi, wasu kuma su ce hannunsu ne bai faɗa ba, alhali matsalar ta faro ne tun lokacin da suka zaɓi tsarin haɗin, wato rubutaccen bayanin kayan haɗi da awonsu da yadda ake yin kukis ɗin. Kukis ɗin da za a yi wa ado yana buƙatar gefe mai kaifi, da sama a shimfiɗe ba tudu, da ƙarfin da zai ɗauki aisin a ɗaga shi bai karye ba. Ana iya gane ko tsarin haɗi zai ba da wannan tun daga karanta shi, kafin a auna ko da cokali ɗaya na fulawa.

Da farko a duba irin kukis ɗin da aka rubuta tsarin dominsa, domin kukis ɗin sukari iri biyu ne masu suna ɗaya. Akwai wanda ake ɗiba da cokali ko a mulmula a jera a tire, kuma shi an shirya shi ne don ya baje ya yi laushi. Akwai kuma wanda ake murzawa a yanka. Idan bayanin bai ambaci murza kwaɓi da yankawa ba, ko kuma aka ga narkakkiyar bota, ko man girki na ruwa, ko madara mai yawa a jerin kayan haɗi, to a wuce shi komai kyan hotonsa.

Bayan haka sai a kwatanta nauyin manyan kayan haɗi. Awon da na fi amincewa da shi shi ne bota giram 225, sukari giram 200, ƙwai babba guda 1, da fulawa tsakanin giram 360 zuwa 400. Ke nan fulawa ta haura nauyin bota sau ɗaya da rabi, sukari kuma bai wuce bota ba. Dalili shi ne bota da sukari duka narkewa suke yi a cikin oben, su sa kwaɓin ya kwanta, fulawa da ƙwai kuwa su ne suke ƙamewa su tsayar da shi. Duk tsarin da masu narkewa suka rinjayi masu ƙamewa, kukis ɗinsa zai baje kafin ya ƙame. Ƙwai biyu a kan wannan awon fulawar ya yi yawa a wurina, saboda ruwan ya ƙaru kuma kukis ɗin zai ɗauko yanayin kek.

A nan akwai wani tarko da ya shafi awo. Da yawa daga cikin waɗannan tsare-tsare daga Amurka suka fito, inda ake auna fulawa da kofi. Kofi ɗaya na iya ɗaukar kusan giram 120 idan an zuba da cokali a hankali, yana kuma iya kaiwa giram 150 idan an nutsa kofin an danna. A kofi uku, bambancin ya kai giram 90, wanda ya isa ya mayar da kwaɓi mai kyau ya zama mai danƙo ko mai farfashewa. Saboda haka ba na zaɓen tsarin da bai ba da awo da giram ba. Ƙaramin sikelin kicin ba shi da tsadar da za a kwatanta da botar da ake asara a gwaji biyu ko uku.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi ba ni wahala, wato abin da ke sa kwaɓi ya tashi. Lokacin da na fara, na yi amfani da wani tsari mai ƙaramin cokali 2 na bekin fauda da rabin cokali na bekin soda. Na sanyaya kwaɓin, na yanka da kyau, amma kowane kukis ya fito da tudu a tsakiya da gefe mai santsi, kuma da na zuba aisin sai ya riƙa gangarowa ta baki. Na sauya bota, na ƙara fulawa, na rage zafin oben, duk ba ta sauya zani ba, har sai da na cire sodar gaba ɗaya na rage faudar. Bekin fauda iska take saki a cikin kwaɓi idan ta ji ruwa da zafi, kuma iskar nan ba sama kaɗai take tura kwaɓin ba, har da gefe, shi ya sa kusurwa take zagayewa. Bekin soda ta fi ɓarna a wannan aikin, domin tana ƙara bajewa, tana kuma sa kukis ya yi duhu da wuri, abin da ake so a wasu nau'o'in amma ba a wanda za a yi wa zane a kai ba. Ƙa'idata yanzu ita ce, a fulawa giram 375 kada bekin fauda ta wuce rabin ƙaramin cokali, soda kuwa babu ita sam. Idan siffar mai ƙananan lunguna ce, kamar haruffa ko fure mai ganye da yawa, faudar ma cire ta nake yi. Kukis ɗin zai ɗan fi tauri, amma ba zai zama dutse ba matuƙar botar ta isa.

Wani abin da masu koyo ba su cika lura da shi ba shi ne, buga bota da sukari ma hanya ce ta shigar da iska. Idan tsarin ya ce a buga na minti 5 har ya yi fari ya kumbura, wannan umarnin kek ne. A nan minti 1 zuwa 2 ya isa, su haɗu kawai su yi sumul. Mutum zai iya cire fauda duka, amma ya dawo da matsalar ta hanyar barin injin bugawa yana ta juyawa. Botar kuma ta kasance mai laushin da yatsa zai shiga ya bar alama, ba wadda ta fara sheƙi tana shirin narkewa ba.

Game da maiƙo, bota ta gaskiya ita ce zaɓina, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari nata mai ne, sauran yawanci ruwa. Na san tana da tsada, don haka wanda zai rage kuɗi zai iya haɗa rabin bota da rabin majarin mai tauri irin ta gashi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne majarin mai laushi ta shafa wa burodi, saboda ruwanta ya fi yawa kuma ba ta daskarewa sosai a firji. Sukari mai ruwan ƙasa yana riƙe danshi yana kuma rina kukis, don haka farin sukari ya fi dacewa. Idan aka ga tsarin ya sa babban cokali 2 ko 3 na sitacin masara, wannan alama ce mai kyau, domin yana taimaka wa gefe ya tsaya, ya kuma sa cikin ya yi taushi. Gishiri kada a yi wasa da shi. Rabin ƙaramin cokali ya dace da wannan awon, tunda aisin kusan sukari ne zalla, kuma kukis marar gishiri a ƙarƙashinsa gundura yake yi.

Sai a duba abin da tsarin ya ce game da sanyaya kwaɓi. Akwai masu alƙawarin cewa ba sai an saka a firji ba, kuma wasunsu suna aiki saboda fulawarsu ta fi yawa, amma ni ba na tsallake firji ko da tsarin ya ba da izini. Hanya mafi sauƙi ita ce a murza kwaɓin tun yana da laushi a tsakanin takardun gashi biyu, kaurinsa ya kai milimita 6, sannan a saka shi a firji a shimfiɗe na awa 1 ko 2. Hakan yana rage barbaɗa fulawa, wadda ke busar da ragowar kwaɓin da ake sake murzawa. Bayan an yanka, a mayar da tiren firji na minti 10 zuwa 15 kafin ya shiga oben.

Duk tsarin da ya cika waɗannan sharuɗɗan, a gwada rabinsa kafin ranar da ake buƙata. Domin raba ƙwai, a fasa a kaɗa a auna giram 25. A yanka siffar da ta fi kowace tsini, a gasa a digiri 175 zuwa 180 na ma'aunin Salshiyos, wato kusan 350 na Farenhait da ake gani a tsare-tsaren Amurka, na minti 9 zuwa 12, a cire da zarar saman ya daina sheƙi kafin gefe ya yi ja. Idan ya huce a ɗora abin yankan a kansa. In kukis ɗin ya wuce bakinsa da fiye da milimita 1 ko 2, a ƙara fulawa kaɗan ko a rage fauda, abu ɗaya a kowane gwaji domin a san wanda ya yi tasiri.

A bar guda biyu su kwana a kan farar takarda. Idan da safe takardar ta jiƙe da mai sosai, wannan man zai iya ratsa aisin ya bar masa tabo, don haka botar ta yi yawa. A zuba wa ɗaya aisin, a ba shi awa 6 zuwa 8 ya bushe, sannan a ɗanɗana su tare, a kuma rubuta duk gyaran da aka yi a jikin tsarin da giram.