Kar ku sare magaryar gonarku, ku yi mata aure

'Yan uwa, magaryar daji da ke gonarku kar ku tumɓuke ta. Ku datse ta, in ta yi sabon toho ku aura mata reshen magaryar Indiya, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta yaɗa a Nijar da sunan tuffar Sahel.

Saiwar tamu ta riga ta yi nisa ƙasa, ta saba da fari. Reshen baƙon kuwa 'ya'yansa manya ne, masu ruwa, har kasuwa ake kai su. Kuɗin sayen dashe ya huta.

Amma fa duk tohon da ya fito ƙasan auren ku cire shi, in ba haka ba zai danne baƙon. Ku kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Inda ƙudan 'ya'yan itace ya yi yawa, tsutsa za ta rigaye ku ci.