Yadda na gyara paralelizim (saitin tayoyi) ɗin motata

BMW E46 ce, in na taka ta a hanyar Mirriya sai sitiyari ya dinga rawa a kwana, tayoyin gaba kuma cikinsu ya cinye tas, waje na nan sabo fil. Kowa cewa yake kwanciyar tayar ce ta yi yawa, ni dai ban yarda ba. Da muka ɗaga ta a garaji sai ga rotil ɗin dama, wato gaɓar da ke haɗa sitiyari da taya, na lilo, ashe shi ya buɗe bakin tayoyin suka kalli waje. Muka canja shi, na ce maigida maido bakin na gaba sifili, wato su miƙe sak, samansu ya kwanta ciki digiri 1 kawai, na baya kuma bakinsu ya ɗan matso ciki kar bayan motar ya wulla. Iskar tayoyi kam da sassafe nake aunawa, zafin Damagaram ƙara ta yake. Yanzu kwana take sha lafiya lau.