Ga masu shirin hawan igiyar ruwa a gaɓar Namibiya

Ƴan uwa na Damagaram, kada hamadar Namib ta ruɗe ku. Rairayi ne kamar na wajen Tesker, amma ruwan tekun sanyi ƙarara, don daga kudu yake gangarowa. Ku nemi rigar roba mai kaurin milimita 4, in ba haka ba jiki sandarewa zai yi.

Mota kat-kat biyu, ba ɗaya ba. Kafin a hau rairayi a rage iskar taya zuwa bar 1,2 a ma'aunin iskar taya, a riƙe famfo. Ruwan sha lita 5 kowane mutum a yini. Kakin shafa wa allon hawan igiyar ruwa narkewa yake cikin mota, a sa shi cikin kula mai riƙe sanyi.

Kada a aje mota kan jiƙaƙƙen rairayi. Teku na cikowa, sai dai kallo.