Yadda ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje zai tantance gwajin korona mai rahusa

Gwajin RT-PCR, wanda ke ninka sinadarin gado na ƙwayar cuta har a iya ganinsa, shi ne abin dogaro wajen gano ƙwayar cutar korona, sai dai na'urarsa ta fi ƙarfin aljihun yawancin ƙananan ɗakunan gwaje-gwaje. Wannan ne ya sa ake karkata ga hanyar RT-LAMP mai rahusa, wadda ita ma ninka sinadarin gadon take yi, kuma wadda masana a Japan suka fito da tushenta a shekarar 2000. Ana ajiye bututu mai ɗauke da samfuri ne a zafin maki 60 zuwa 65 a ma'aunin Celsius na kimanin minti 30, kuma a nau'in da ake karantawa da ido, ruwan yakan juya daga ruwan hoda zuwa rawaya idan akwai ƙwayar. Kafin a yi wa majiyyaci aiki da wannan gwaji, wajibi ne a jarraba shi a cikin ɗakin da za a yi amfani da shi, da ma'aikatansa da wutarsa da firjinsa, domin alƙaluman da kamfani ya buga a takarda an samo su ne a wani yanayi dabam.

Da farko a nemo samfuran da wani babban ɗakin gwaji ya riga ya tabbatar da su ta RT-PCR, aƙalla 30 masu ɗauke da ƙwayar da 30 marasa ita, kamar yadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gindaya a 2020. A sa musu lambobi, ta yadda mai karanta sakamakon ba zai san wanne ne wanne ba.

Wurin zaɓen samfuran nan ne aka fi yaudarar kai. Idan duka masu cutar cike suke da ƙwayar, kowane gwaji zai yi kyau. Lallai ne a haɗa da waɗanda lambarsu ta Ct (adadin zagayen da na'urar RT-PCR ta yi kafin ta gano ƙwayar) ta haura 30, wato masu ƙarancin ƙwaya, domin a nan ne gwaji mai rahusa ya fi kuskurewa, kuma a rubuta sakamakonsu dabam. Sannan a riƙa tsarma samfuri guda har a kai ga mafi ƙarancin adadin da gwajin zai iya ganowa sau 19 cikin 20. A kuma tuna cewa ko da an dace a dukkan samfura 30, lissafi bai kore yiwuwar kuskuren da ya kai kashi 10 cikin ɗari ba.

Launin kansa yana buƙatar lura. Tsami ne ke mayar da ruwan rawaya, don haka yawun da yake da tsami yana iya sauya shi tun ba a ɗora bututun a kan zafi ba. A duba kowane bututu kafin a fara, a ware wanda ya riga ya sauya, a kuma cire su a kan lokaci, domin wuce lokaci yakan jawo rawaya ta ƙarya.

Kada a taɓa buɗe bututun da aka gama gwaji da shi, saboda abin da ya ninku a ciki zai iya gurɓata ɗakin, har ruwa zalla ya riƙa nuna cutar. A raba wurin haɗa sinadarai da wurin ɗumamawa, a sa bututun ruwa zalla da na samfurin da aka san yana da ƙwayar a kowane zagaye. A lissafin kuɗi kuma a haɗa da man janareta, da sinadaran da suka lalace lokacin da aka ɗauke wuta, da gwaje-gwajen da aka maimaita.